Zafin Ikko, Tsawar Ikko, da Dabbar da Ke Ɗaure

Wata Asabar cikin watan Maris na tashi daga Agege na nufi Lekki gaida kawuna, wanda ya daɗe yana aikin gadi a gidajen masu hali na wannan yanki. Wajen ƙarfe biyu na rana na isa. Ban tarar da shi a ɗan ɗakinsa na bakin ƙofa ba, sai can bayan gida na jiyo motsinsa, kusa da ɗakin janareta. Yana tsugune gaban wani kejin ƙarfe mai rufin kwano, ga bokiti a hannunsa. A cikin kejin wani ƙaton kare ne mai gashi buzu-buzu, irin wanda mutanen Legas ke kira Kokeshiyan. Ya zube a gefe ɗaya, harshe a waje ya yi jajur, wani yawu mai yauƙi na dalala daga bakinsa, haƙarƙarinsa na sama da ƙasa kamar zugazugin maƙeri.

Na ce, "Kawu, lafiya kuwa?"

Ya ce, "Ina fa lafiya, ɗana. Tun hantsi yake haka. Maigida ya hana a sake shi da rana, ni kuma ina tsoron kada ya mutu a hannuna."

Muka buɗe kejin, muka ja shi zuwa inuwar ƙarƙashin bene. Da na kunna famfo sai ruwan ya fito da zafi kamar na shayi, saboda tankin yana can sama rana ta wuni tana dukansa. Ruwan wani duro da ke inuwa muka riƙa kamfata muna kwara masa a ciki da wuya da cinyoyi, Kawu yana yi masa fifita da kwali. An ɗauki lokaci kafin ya ɗaga kai. Da mutanen gidan suka dawo da la'asar, aka mayar da shi kejinsa. Gab da magariba hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi baƙi ƙirin. Tun ba a yi tsawar farko mai ƙarfi ba, karen nan da ɗazu ko tsayuwa ba ya iya yi ya miƙe yana bugun keji da ƙirji, yana gatsar ƙarfe har dasashinsa ya fashe da jini.

Tun ranar nake juya abin a raina. Yawancinmu muna ɗaukar zafi daban, tsawa daban. Ga dabba kuwa, a garin nan, wahala ɗaya ce mai fuska biyu, kuma sau da yawa a wuni ɗaya suke zuwa, domin zafin da ya dafa gari da rana shi ne ke haifar da hadarin yamma. Abin da na fahimta shi ne dabba ta san dabarar da za ta yi wa kanta a duka biyun. Ta san neman inuwa, ta san neman maɓoya. Sarƙa da keji da rufaffiyar ƙofa su ne ke raba ta da dabarar, kuma mu ne ke ɗaurawa, mu ne ke kullewa.

Mu 'yan Arewa muna zuwa Ikko da ilimin zafi da muka taso da shi, kuma ilimin nan yana yaudararmu a nan. Wanda ya sha bazarar Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, inda a watan Afrilu ma'auni ke kai digiri 40 har ya wuce, in aka ce masa yau Legas digiri 33 ce, sai ya ce ai wannan ba zafi ba ne. Amma a tuna da randa. A Kano, ana tsakiyar bazara, ruwan randa sanyi ƙalau yake, saboda ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu busasshiyar iska tana kwashe shi, in ya tashi kuma sai ya tafi da zafin da ke ciki. Ka kawo randar nan Obalende ka ajiye, za ka ga jikinta a jiƙe amma ruwan bai yi wani sanyin kirki ba. Iskar Legas ta riga ta ƙoshi da ruwan teku, danshinta yakan kai kashi 80 cikin ɗari, ba ta da wurin karɓar wani. Shi ya sa shanya ke wuni a igiya ba ta bushe ba, shi ya sa gumi ke manne wa mutum a jiki yana ɗiga ba ya sanyaya shi.

To, harshen kare randarsa ke nan. Mutum yana gumi a duk jikinsa, kare kuwa ba ya yin gumin da zai sanyaya shi sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Hanyarsa ita ce haki: ya zaro harshe, ya riƙa jan iska da sauri tana bi ta kan danshin baki da hanci da maƙogwaro, ruwan ya tashi, jinin da ke zagayawa a wurin ya huce ya koma cikin jiki. In iska busasshiya ce, dabarar na aiki sosai. In iska jiƙaƙƙiya ce, sai ya yi ta haki ba riba, ga shi hakin kansa aiki ne da ke ƙara wa jiki zafi. Lafiyayyen kare zafin jikinsa tsakanin digiri 38 ne da 39 da ɗoriya. In ya haura 41 an shiga haɗari, in ya ƙara gaba kaɗan sai hanji da ƙoda da ƙwaƙwalwa su fara lalacewa, jini ma ya rikice. Tazarar da ke tsakanin lafiya da halaka ba ta wuce digiri biyu zuwa uku ba.

Dare ma ba ya ba da hutu. A watannin Fabrairu da Maris, da ƙyar zafin daren Legas ke sauka ƙasa da digiri 25, ga katanga da siminti suna amayar da zafin da suka sha da rana. Waɗanda suke garin nan a tsakiyar Fabrairun 2024 ba za su manta ba. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ta yi ta gargaɗi a lokacin, daga baya kuma masana na ƙungiyar World Weather Attribution suka lissafa cewa in aka haɗa zafi da danshi, abin da jiki ya riƙa ji a kudancin Afirka ta Yamma ya kai kusan digiri 50, kuma ɗumamar yanayi ta ƙara wa lamarin kimanin digiri 4. Mu da muke da fanka da mafici da damar fita waje mu sha iska mun ji a jikinmu. Sai a ƙiyasta halin dabbar da ke cikin akwatin ƙarfe.

Nan ne maganar irin kare ta shigo, kuma nan ne raina ya fi ɓaci. Karen gida na ƙasar nan, ɗan siriri mai gajeren gashi da dogon baki, jikinsa ya saba da yanayin tun kaka da kakanni. Ka lura da shi da rana tsaka: zai sami ƙasa mai laima a gindin bishiya ya tona rami ya shimfiɗa cikinsa, ko ya shige ƙarƙashin mota, ba zai motsa ba sai rana ta yi sanyi. Amma masu gidajen Lekki da Ikoyi da Magodo ba shi suke so ba. Suna son Kokeshiyan, wanda asalinsa daga duwatsun Kokesas ne, wajen Jojiya da Armeniya da kudancin Rasha, inda aikinsa tsare tumaki daga kyarkeci cikin dusar ƙanƙara, gashinsa ma ninki biyu ne kamar mai sanye da bargo a ƙarƙashin riga. Suna son Rotwaila da Alsheshan na Jamus, da Burbul na Afirka ta Kudu mai nauyin ƙaton rago. Wani bincike da aka wallafa a Ingila a 2020, wanda ya duba bayanan karnuka fiye da 900,000, ya nuna cewa karen da ya kai kilo 50 ya ninka ƙaramin kare fiye da sau uku wajen haɗarin bugun zafi, masu ɗaɓaɓɓen hanci irin su Buldog ma suna sahun gaba, kuma kusan ɗaya cikin bakwai na waɗanda abin ya kama sun mutu. A Ingila ke nan, ƙasar sanyi. Mu nan sai a kawo irin wannan kare, a sa shi a tsakar gidan da aka shafe da siminti da bulon ado, babu ko tafin hannu na ƙasar da zai tona, a kulle shi a keji mai rufin kwano, sau da yawa dab da janareta da ke feso zafi da hayaƙi. Wai ɗaurin rana ne ke sa kare ya yi faɗa da dare. Abin da ɗaurin ke jawowa shi ne kare mai firgici, wanda ba ya bambance ɓarawo da yaron gida.

Wanda ya ga alamun da na gani ranar nan, wato haki ba ƙaƙƙautawa, yawu mai kauri, dasashi ya yi ja sosai, tangaɗi, amai ko zawo, to kada ya tsaya neman mota. A fara sanyaya dabbar nan take, sannan a nemi likita. Wannan ita ce shawarar likitocin dabbobi a yanzu, kuma a garin da mutum kan shafe awa biyu a cunkoso tsakanin Ajah da Ikeja, ta fi ko'ina muhimmanci. A kai shi inuwa, a yi ta kwara masa ruwa mai sanyi, a sa iska ta riƙa bugunsa. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu ko tawul, domin hakan riƙe zafin yake yi. In zai iya sha, a ba shi kaɗan-kaɗan, kada a ɗura masa. Ko ya warware ya miƙe, a daure a kai shi asibiti, don ɓarnar da zafi ke yi wa ƙoda takan bayyana ne bayan kwana ɗaya ko biyu. Masu fita yawo da kare kuma su ɗora bayan hannunsu a kan kwalta su gani. In hannu bai iya jurewa na 'yan daƙiƙoƙi ba, tafin ƙafar kare ma ba zai jure ba.

Shi hadarin kuwa daga wannan zafin yake fitowa. Rana ta gasa ƙasa, iska mai danshi da ke shigowa daga Tekun Atilantika ta ɗau zafi ta yi sama, tana hawa tana hucewa har ta zama gajimare mai tsayin fiye da kilomita goma. Can ƙololuwa sanyi ya mai da ɗigon ruwa ƙanƙara, ƙanƙarar na ta gogayya da juna cikin iska mai hawa da sauka, lantarki yana taruwa. In ya yi yawa sai ya ɓalle, shi ne walƙiya. Hanyar da walƙiya ta bi takan yi zafin da ya kai kusan digiri 30,000, wato wajen ninki biyar na zafin fuskar rana, iskar wurin ta buɗe farat ɗaya, ƙarar buɗewar ita ce tsawa. Haske yana isowa nan take, sauti kuwa yana cin kilomita ɗaya ne cikin daƙiƙa uku, don haka wanda ya ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa ya san nisan abin. Irin wannan hadari mai iska da tsawa ya fi yawa a farkon damina, daga Maris zuwa Mayu, da kuma ƙarshenta wajen Satumba da Oktoba, kuma galibi daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, kamar yadda kowane manomi a gida ya sani. Ruwan Yuni da Yuli, wanda ke wuni yana zuba ya cika titunan Legas, bai cika zuwa da tsawa irin wannan ba. Ke nan watannin da suka fi zafi su ne kuma ke buɗe ƙofar tsawa mafi tsanani, sai ta tarar da dabbar da ta riga ta galabaita.

An saba cewa kare na tsoron tsawa ne don kunnensa ya fi namu ji. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Kunnen mutum yana tsayawa a sautin da ke kaɗawa sau 20,000 a daƙiƙa, na kare yana kai wa wajen 45,000, na kyanwa ma ya haura 60,000. Sai dai wannan fifiko a siririn sauti yake, ita kuwa tsawa sauti ne mai kauri da ke girgiza ƙasa da ƙirji. Abin da ya fi damun dabba shi ne ba ta san daga ina abin yake ba, ba ta san yaushe zai sake faɗowa ba, ba ta kuma ga abin da za ta yi wa haushi ya gudu. Sannan tsawa ba ita kaɗai take zuwa ba. Kafin ta, iska kan juya ta yi sanyi, gari ya yi duhu, ƙamshin ƙasa ya tashi, ƙyamare su fara bugawa, cida ta riƙa gurnani daga nesa. Karen da ya taɓa firgita sau ɗaya yana haɗa waɗannan alamu da abin da ya biyo bayansu. Shekara ta zagayo, ba sai an yi tsawa ba, kaɗawar iska kawai ta isa ta sa shi makyarkyata. Da haka tsoron ke girma damina bayan damina in ba a yi wani abu ba. Abin da na gani a Lekki ke nan: karen ya fara haukan ne tun hadari yana nesa.

Ba kuma ƙaramin al'amari ba ne a duniyar karnuka. Masu bincike a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan sun tattara bayanan karnuka kusan 13,700 a wani aiki da ya fito a 2020, suka tarar kusan kashi 32 cikin ɗari na fama da tsoron ƙara. Tun a 2005 wasu masu bincike a jami'ar jihar Fensilbeniya ta Amurka suka kunna wa karnuka masu wannan tsoro sautin tsawa da aka naɗa, suka auna sinadarin tashin hankali a yawunsu, suka ga ya ƙaru da fiye da kashi 200 cikin ɗari, har bayan minti 40 bai koma daidai ba. Sun kuma lura cewa karnukan da ke zaune da wasu karnuka a gida ɗaya abin ya fi zo musu da sauƙi. Wani likitan dabbobi na Jami'ar Tufts, Nicholas Dodman, ya kawo hasashen cewa lantarkin da ke taruwa a gashin kare lokacin hadari yana tsikarinsa, shi ya sa wasu ke gudu banɗaki su manne da famfo. Hasashe ne, amma gudun neman lungu mai duhu da sanyi kowa na ganinsa.

Legas tana da nata ƙarin. Ruwan sama a kan rufin kwano kamar ganguna ɗari ne a kan dabbar da rufin bai fi kamu biyu daga kanta ba. Da hadari ya taso akan ɗauke wuta, gida ya yi duhu, can kuma janaretocin unguwa su tashi gaba ɗaya. Hausawa sun ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Karen da ya tsinke sarƙa, ya haura katanga mai waya, ya ɓace cikin ruwa, ba rashin tarbiyya ke damunsa ba. Wanda kuma ya dake shi don ya yi shiru ya ƙara masa hujja ne cewa lallai in hadari ya zo, azaba na biye.

A da ana cewa kada a lallashi kare mai tsoro, wai za a ƙarfafa masa tsoron. Masana ɗabi'ar dabbobi sun bar wannan magana. Zama kusa da shi cikin natsuwa ba ya ƙara komai sai sauƙi. Abin da ya fi amfani shi ne maɓoya: ɗakin ajiya, ƙarƙashin bene, wani lungu mai bango na siminti inda ƙara ke raguwa kuma ba a ganin walƙiya, a bar ƙofar a buɗe ya shiga da kansa tun hadari bai iso ba. Da rani, lokacin da babu hadari, ana iya kunna masa sautin tsawa a waya ƙasa-ƙasa yana cin abinci, a riƙa ƙarawa sannu a hankali cikin makonni. Wanda abin ya yi wa tsanani akwai magani, amma daga hannun likitan dabbobi. Ina roƙon 'yan'uwa kada a je kemis a sayo maganin barcin mutane a tura a nama. Akwai ma magungunan da ke kashe wa dabba jiki su bar tsoron yana nan daram, tana ji tana gani ba ta iya motsi. Tsohon karen da bai taɓa tsoron tsawa ba kuma ya fara da girma, a duba shi, sau da yawa ciwon gaɓoɓi ne ke sa zaburar da ƙara ke jawowa ta zame masa azaba.

Akwai kuma haɗarin aradu kanta. Mu muna rantsuwa da ita, maƙwabtanmu Yarbawa suna da nasu labarin Sango, abin bautar tsawa da aradu a gargajiyarsu, duk don an san ba abin wasa ba ce. In ta faɗi, wutar tana bazuwa ne ta cikin ƙasa, kuma dabba mai ƙafa huɗu ta fi mutum shiga haɗari, saboda tazarar da ke tsakanin ƙafafun gaba da na baya tana ba wutar hanya ta ratsa ƙirji. A watan Satumban 2019 aradu ta kashe shanu 36 a lokaci ɗaya a Ijare ta jihar Ondo. Ɗaure dabba da sarƙa a gindin doguwar bishiya ko turken ƙarfe a fili, ana tsakiyar hadari, ganganci ne.

A gidajenmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 ba kare ne ya fi yawa ba. Kyanwa ce, da tantabaru, da 'yan kaji, wani lokaci zomo. Kyanwar gidanmu tana da wani wuri bayan buhun shinkafa a ɗakin girki. In na ga ta nufi can da yamma, wutsiya a ƙasa, nakan ce wa yara su kwashe shanya. Ita kyanwa jikar muzurun jeji ce na ƙasashe masu fari, ta fi kare iya zama da zafi. Takan miƙe a kan siminti mai sanyi, ta riƙa lasar jikinta yawun yana bushewa yana sanyaya ta. Amma da wuya ta yi haki, don haka in aka ga kyanwa baki buɗe tana numfashi kamar kare, lamarin ya yi nisa, a nemi likita. Ba ta kuma da yawan neman ruwa, sai an ajiye mata a wurare biyu ko uku, nesa da kwanon abincinta. In ta ɓuya lokacin tsawa a ƙyale ta, kada yara su jawo ta. Abu ɗaya da nake so kowace uwar gida ta riƙe: kada a ba kyanwa farasitamol don an ji jikinta da zafi. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Tantabara jikinta a kullum wajen digiri 41 yake, kuma tsuntsu ba ya gumi sam. In zafi ya yi yawa za ka gan ta baki buɗe, maƙogwaro na karkarwa, fukafukai a sake. Samarinmu masu kiwo sukan kafa ɗakin tantabaru a saman bene da guntayen kwano da katako, wurin da rana ta fi duka kuma iskar hadari ta fi ƙarfi. Tabarmar kaba ko buhu a saman kwanon, da ƙofofin shan iska, da kasko mai faɗi na wanka, suna rage asara ƙwarai. Masu kiwo sun daɗe suna cewa tantabara na sanin hadari kafin mutum, kuma gwaje-gwajen da aka yi a Jami'ar Cornell a shekarun 1970 sun nuna tana jin sauyin nauyin iska, tana kuma jin sauti mai kaurin da kunnenmu ba ya kamawa. Zomo ya fi su duka rauni, da zafi ya haura digiri 30 ya fara wahala.

Ragon layya ma yana da nasa rabon. A 'yan shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa cikin daminar Legas, 16 ga Yuni a 2024, 6 ga Yuni a 2025. Balami ko Uda da ya tashi a busasshiyar ƙasa, ya kwana biyu a tirela, sai a sauke shi a kasuwar dabbobi irin ta Oko-Oba ya tsaya cikin taɓo ruwa na dukansa. Tari da majina da ruɓewar kofato daga nan suke farawa. Wanda ya saya ya kai gida ya sama masa rumfa da busasshen wuri.

Bayan ruwa ya ɗauke ma da sauran aiki. Ruwan da ke kwanciya a unguwa yana ɗauke da fitsarin ɓeraye, wanda ke yaɗa wata cuta mai lalata ƙoda da hanta, tana kama kare tana kama mutum, kuma tana cikin allurar rigakafin da ake yi wa karnuka. Kaska tana yawaita da damina, tana sa zazzaɓi da ƙarancin jini. Karen da ya gudu cikin hadari ya kwana a waje kuma yana iya haɗuwa da mai cutar hauka, shi ya sa allurar shekara-shekara ba abin sakaci ba ce, don cutar haukan kare in ta bayyana a jikin mutum ba ta da magani.

Abin da ya sa na ga maganar nan ta shafe mu kai tsaye shi ne, a gidaje da yawa na Legas, mai kare daban, mai kula da kare daban. Maigida ya saya da kuɗi masu yawa, ya fita tun asuba ko ya yi tafiya ƙasar waje. Wanda ke wuni da dabbar, ya ba ta abinci, ya wanke kejin, shi ne maigadi, kuma sau da yawa ɗan'uwanmu ne daga Arewa ko Nijar, wanda bai taɓa kiwon irin wannan kare ba, ba a kuma koya masa komai ba. Ba shi da ikon matsar da keji, ba shi da lambar likita, amma in kare ya mutu shi za a tuhuma, wataƙila a yanke masa albashi ko a kore shi. Wannan zalunci ne a kan bawan Allah da dabbar baki ɗaya.

Na san da yawanmu muna ƙyamar kare, kuma hukuncin ajiye shi da na yawunsa magana ce ta malamai. Amma ƙyama ba ta ba da izinin azabtarwa. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya ga kare yana haki yana cin danshin ƙasa don ƙishirwa, ya koma cikin rijiya ya ciko huffinsa, ya riƙe da baki ya hauro ya shayar da shi, Allah ya gafarta masa. Su ne kuma suka ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. A hadisi na biyun, laifin matar ya haɗa da kullewar. Da na tambayi Kawu ranar nan ko bai damu da yawun da ya ɓata masa riga ba, cewa ya yi, "Riga ai wankewa za a yi, ɗana. Wannan kuwa rai ne."

Na koma gidan cikin Oktoba. Kawu ya ce sai da likita ya zo ɗinke bakin karen, ya yi wa maigidan bayani da kansa, sannan aka yarda aka ɗauke kejin daga jikin ɗakin janareta aka mayar inuwar bene, aka kuma ba shi makullin wani ɗan ɗakin ajiya. Muna zaune muna shan shayi iska ta juya, ledoji suka fara tashi a titi. Kawu ya ajiye kofinsa ya je ya buɗe kejin. Karen ya wuce mu da sauri, kai a ƙasa, ya shige ɗakin ajiyar ya kwanta bayan wasu tsofaffin tayoyi. Kawu ya jawo kujerarsa bakin ƙofar ya zauna. Da tsawa ta fashe na ji yana karanta addu'ar da aka koya mana tun muna makarantar allo, "Subhanallazi yusabbihur ra'adu bi hamdihi wal mala'ikatu min khifatihi." Na leƙa ciki, na ga jikin karen yana ɓari.

Kawu ya ce, "Har yanzu yana makyarkyata. Amma ya daina cizon ƙarfe."